Haƙorin da Inna Ta Wanke

Malam Manassa ba likita ba ne, shi da bakinsa yake faɗa, amma duk garin Roni da Likita muke kiransa. Mutumin Kagoro ne, gajere, mai faɗan tsiya. Lokacin yaƙin basasa ya yi aikin jinyar sojoji, a can ya koyi ɗinkin rauni da ɗaure muƙamuƙi da waya. Da aka gama yaƙi aka turo shi ƙaramin asibitin garinmu, ya zo da matarsa Dokas da wani tsohon keke. Idan ka kawo masa ciwon da ka bari ya ruɓe, sai ya wanke ka tas kafin ya wanke ciwon. Duk da haka, ko cikin ruwan sama aka kira shi zuwa garin Gwiwa, zai hau keken nan ya tafi.

Shekarar da aka canza kuɗi zuwa naira ina saurayi, ina aiki a injin niƙa. Ba ni da gona, ba ni da rediyo, abin taƙamata ɗaya ne: fararen haƙora. Kullum da asuwaki a bakina. Wata safiya ina murza hannun tayar da injin, ya kuɓuce ya dawo mini a baki. Haƙoran gaba biyu suka fita da saiwarsu. Ɗaya ya yi tsalle ya faɗa cikin dusa, ɗaya ya tsaya a bakina. 'Yan mata cike da wurin sun kawo niƙa, ni kuwa kunya ta hana ni tofarwa. Na tura shi cikin kumatu, na toshe baki, na ruga asibiti.

Malam Manassa ya karɓi haƙorin, ya riƙe shi ta kai, ya ɗauraye da ruwan gishiri kawai. Ya nuna mini saiwar ya ce, "Lauwali, ka ga kaushin nan da ɗan naman da ke manne? Shi ƙashi yake kamawa. Bango mai santsi ba ya riƙe yaɓe. Ina ɗayan?"

Kafin in yi magana sai ga mahaifiyata, Inna Fatu, tana haki, ko takalmi babu. Ta tone dusar ta samo haƙorin. Inna kuwa macen da tukunyarta ba ta kwana da baƙin hayaƙi ce, ina za ta yarda a mayar wa ɗanta ƙazanta a baki? Ta sa toka da soso ta dirje shi har yana ƙyalli, ta ƙulle a bakin zani.

"Ga shi, Likita, na wanke maka shi fes."

Na ga fuskarsa ta canza, na ce yau Inna za ta sha faɗa. Sai ya dubi ƙafafunta, ya miƙa hannu biyu ya karɓa.

"Sannu da ƙoƙari, Inna. Zauna ki huta."

Ya mayar da su duka biyun, nawa a dama, na Inna a hagu, ya ɗaure su da siririyar waya a jikin maƙwabtansu. Zafin da na sha ba ya faɗuwa. Da Inna ta fita ya rage murya ya ce, "Na hagun nan da wuya ya zauna, an kankare abin da ƙashi zai kama. Na sa shi ne dai ko Allah zai sa. Idan na ji ka faɗa mata, ni da kai ne."

Na yi makonni a kan koko da kunu. Kullum da safe sai na taɓa su da harshe, don ni a lokacin gani nake zama wawulo ya fi mutuwa muni. Da aka kwance wayar, na dama ya tsaya ƙyam. Na hagu ya yi ta girgiɗi yana baƙi, kafin kaka ya faɗo cikin lomar tuwo. Na yi baƙin ciki, ba zan ɓoye ba. Amma giɓi ɗaya ba biyu ba ne, kuma na daman nan har yau da shi nake gatsar goro. Duk ranar da na tuna Malam Manassa sai na yi masa fatan alheri, shi da zuriyarsa.

Inna ta ja ni muka koma asibiti. Ta tsaya a bakin ƙofa tana murza bakin mayafi.

"Likita, wanne ne ya faɗi? Ba dai wanda na wanke ba?"

Mutumin da bai taɓa tauna magana ba ya sunkuya yana gyara kwalaben magani, ya ce, "Inna, haƙori ya kama. Mu gode wa Allah."

Ta juyo ta dube ni, fuskarta ta washe.

"Ka ji ko? Da na biye maka da ƙazantarka, da yanzu ko ɗaya ba ka da shi."

Na ce, "Gaskiya ne, Inna."