Injin Da Kawu Ya Hana Ni

Jiya wata tsohuwar lori ta wuce ƙofar gidana a Kankiya tana gurnani, sai Kawu ya faɗo mani a rai.

Zamanin Turawa shi ke gyara mana motocin gyaɗa. Dunƙule hannu yake ya zura cikin ramin silindar inji, ya fiddo shi baƙi ƙirin, ya ce, "Gwargwadon faɗin ramin nan, gwargwadon ƙarfin mota."

Da aka samu inji mai faɗin rami, motar ƙanena ya ɗora wa. Daga ranar, duk lodin da muka ɗauko daga Kunduru sai ya wuce ni yana danna mani hon.

Na iske Kawu ƙarƙashin mota, na ce, "Ni ne babba fa."

Bai ko leƙo ba. "Shi ya san birki. Kai ƙafarka totur kaɗai ta sani. Ban shirya kai ka kushewa ba."

Ga ni na tsufa lafiya lau, amma har yau in na tuna hon ɗin nan sai in yi tsaki. Allah ya yalwata maka kabari, Kawu, fiye da faɗin da ka hana ni.