Mai Gwada wa Daki-daki Rubutu

Dogo yana cikin ciro takardar da ta maƙale a injin kwafi, ƙanwar Daki-daki ta kira shi. "Yaya Dogo, Allah ya yi wa abokinka rasuwa." Ya zauna a kan kwalin takardu, hannu duk tawada.

Shekara goma sha ɗaya shagunansu suna jingine da juna. Daki-daki gyaran kwamfuta yake yi, amma abin da ransa yake so shi ne rubuta wa 'yan koyo bayanin yadda ake haɗa manhaja, ya saka a wani dandali na intanet. Can ya samo sunan. Ko sau goma aka yi masa tambaya ɗaya, sai ya amsa kamar yau ya fara jin ta. Kuma ba ya sakin rubutu sai Dogo ya zauna ya bi umarnin ɗaya bayan ɗaya.

"Kai ne ma'aunina," yakan ce. "In wannan kan naka ya gane, kowa ma zai gane."

"Allah ya shirye ka," in ji Dogo.

Wata Laraba aiki ya yi wa Dogo yawa. Daki-daki ya leƙo sau uku kan wani sabon rubutu da ya ba shi ya gwada. A na ukun Dogo ya ce, "Na gwada, lafiya lau." Ko buɗewa bai yi ba.

Ashe an tsallake umarni ɗaya a tsakiya. Da rubutun ya fita a dandalin, mutum guda ne ya nuna wurin cikin ladabi, sauran suka yi wa Daki-daki ca. Wani ya ce jahili ne yake koyar da jahilai, wani ya zaƙulo tsofaffin rubuce-rubucensa yana yi musu ba'a. Waɗanda suka koyi sana'a ta hanyarsa kuwa ba wanda ya ce uffan. Ya gyara, ya ba da haƙuri, daga nan bai ƙara rubuta ko layi ɗaya ba. Kullum Dogo yana niyyar gaya masa gaskiya, kullum sai ya ce gobe, har ciwon ƙoda ya kwantar da bawan Allah.

Zuwan Dogo na ƙarshe asibiti, yana gyara masa matashi, Daki-daki ya riƙe masa hannu.

"Dogo, zagin nan bai dame ni kamar abu ɗaya ba. Kai ya aka yi ya yi maka aiki?"

Dogo ya kafa wa robar ƙarin ruwa ido.

"Wataƙila kwamfutata ce ta bambanta da tasu."

Daki-daki ya daɗe yana kallonsa, sannan ya yi ɗan murmushi.

"Wataƙila. Ɗaga min kan gadon nan kaɗan, ɗan'uwa."