Kyamarar da Ottmar Riedesser Ya Bar wa Ɗana

Ranar Litinin, huɗu ga Maris, 1963, ƙararrawar cocinmu ta bakin tafki ta sanar da rasuwar Ottmar Riedesser, mai ɗaukar fim kuma mai nuna majigi. Ya cika a kan gadonsa, cikin tsufa, matarsa na riƙe da hannunsa. Mijina Fridolin bai samu ko ɗaya daga cikin ukun nan ba.

Herr Riedesser, an cika jaridar gari da yabonka. Ni sai da na haifi ɗa na koyi rubutu, amma abin da na koya zai ishe ni in ƙara abin da suka bari.

Ba zan ci haƙƙinka ba. Kai ka ɗauki fim ɗin jiragen balan-balan lokacin da suke tashi daga nan zuwa ƙetaren teku, masu kuɗi na shan miya a sama ba ta ko girgiza. A ɗaya daga cikin finafinan akwai Fridolin cikin masu riƙe igiya a ƙasa, hularsa ta faɗi, yana dariya. Ban da wannan ba ni da hotonsa. Bayan yaƙin duniya ka kawo mana dankali da gawayi, ka biya wa ɗana Wendelin kuɗin takalmi. Na ci, na gode, har yau ina godiya.

Amma akwai ɗaya fim ɗin. Da aka daina jiragen, an kwashe ku zuwa arewa, bakin teku, inda ake gwajin roka. Kai da kyamara, Fridolin da tiyon mai. Ran nan rokar ta ɗaga kaɗan, ta karkace, ta dawo kan mutane. Kana kan tudu, kana ganin inda za ta faɗa kafin su gani. Ba ka yi ihu ba. Da bakinka ka sha yin alfahari cewa mai kyamara na gaske ba ya sakin kyamararsa ko duniya na tashi.

Da a nan ka tsaya, da na bar ka da Allah. Sai ka mai da fim ɗin abin nishaɗi a ɗakin taron gidan giya, duk Lahadi. In rokar ta fashe, sai ka juya majigin baya. Wuta ta koma ciki, ƙarafa su haɗu, mutumin da ya faɗi a gefen allo ya miƙe ya ruga da baya. Mutane su yi ta dukan tebur.

“Riedesser, tashe shi kuma! Ka fi limamin coci iya aiki!”

Ka san waye mutumin nan. Wendelin ma ya sani, kai ka nuna masa da yatsa. Yana ɗan shekara bakwai ya dawo gida yana tsalle, ya ce, “Mama, Baba ya tashi! Gobe ma zai tashi!”

Na je na same ka, na ce ka ƙona shi. Ka dube ni ta saman tabarau ka ce, “Haba, Frau Stehle, tarihi ne fa. Kuma ai ni kaɗai ne ke iya dawo miki da shi.” Ka ɗauka magana ce mai daɗi.

Tun daga nan yaron ya zama naka. Kai ka koya masa naɗa fim, ka koya masa tsayar da numfashi, ka koya masa cewa wuta abin kallo ce. Yanzu shekararsa ashirin da huɗu, kuma ka mutu ka bar masa kyamarar nan tare da gurbin aiki a wurin tsofaffin abokanka, waɗanda suka koma wata hamada suna harba wa wasu mutane rokoki. Ranar Alhamis zai hau jirgin ƙasa. Na roƙe shi har muryata ta dushe. Ya sumbaci goshina ya ce, “Mama, ke kullum tsoro. Ai mai kyamara a kan tudu yake tsayawa.” Maganarka ce, har da yadda kake jan ta.

Abu ɗaya ya yarda da shi: in matarka ta ce tana son kyamarar mijinta, zai mayar, kuma ba za su ɗauke shi aiki ba in ba shi da ita.

Frau Kreszenz, matar marigayi, ina yi miki ta'aziyya da zuciya ɗaya, ke da 'ya'yanki mata. Ba ki taɓa shiga ɗakin taron nan ba, na lura, ban kuma manta ba. Allah ya ba ku haƙuri. Ki aiko a karɓi kayan mijinki kafin Alhamis. In aka nuno mini ɗana a allo, babu sauran mai juya majigi baya a garin nan.

Kai kuwa, Herr Riedesser, Allah ya ji ƙanka, ya gafarta maka, don na ci dankalinka. Amma kafin nan, ina roƙon ya zaunar da kai ya nuna maka fim ɗin sau ɗaya, ta gaba, har ƙarshe.

Walburga Stehle