Inda Aka Binne Tirebwa

Ranarta ta ƙarshe, Tirebwa ta tashi da sassafe ta gasa wa mahaifinta Ruateki kifi, ta ɗauki wayarta da gwangwanin siraran takardun gwaji, ta fita zagayen rijiyoyin tsibirin Abaiang.

A ido aikin ba wuya. Ta tsoma takarda a ruwa, ta jira launi ya fito, ta ɗauki hotonsa a inuwa, waya ta faɗi yawan dattin da ya tsiyayo cikin rijiyar. Da hantsi tana gidan tsoho Tebuka.

"Malamar rijiya, yau ma wayar taki za ta zagi ruwana?"

"Kaka, aladunka take zagi. Ka ja garken can baya."

"To, kabarin matata fa? Ita ma in ja ta?"

Kowa a nan bakin ƙofa yake binne nasa, ruwan sha kuwa yana kwance dab da saman yashi. Tirebwa ta sha nuna wa dattawa a zauren taro cewa takarda ta fi yin ja a rijiyoyin da ke maƙwabtaka da kaburbura, su kuma suka sha yi mata dariya.

Da tsakar rana ta ci shinkafa a tsaye. Da yamma ta shiga kwalekwale zuwa wani ƙaramin tsibiri inda yara ke ta fama da gudawa. Igiyar ruwa ta kife da kwalekwalen a mashigar tsibirin. Washegari aka tsinci gawarta.

Dangi suka fara haƙa kabari a gefen ƙofa, kusa da na mahaifiyarta. Ruateki ya dubi ramin, ya dubi rijiyar da su da maƙwabta ke sha.

"Ku dakata," ya ce.

Ƙanwarsa Bwenaua ta miƙe. "Haba Yaya! 'Yarka tilo za ka kai daji kamar baƙuwa? Wa zai share mata? Wa zai taya ta hira?"

"Ni. Muryarta ta dushe wajen roƙon mutane su bar wannan. A gidanmu za a fara jin maganarta."

Aka kai ta ƙarshen ƙauye, ta ɓangaren teku, inda babu rijiya. Tebuka ya riƙe gefen akwatin gawar har can, bai tsokani kowa ba.

Ruwa ya tafi da wayar. Sauran takardun gwaji Ruateki ya kai wa ungozomar ƙauye, wadda ta koyi aikin a hannun Tirebwa. Tufafi ya raba wa 'ya'yan Bwenaua. Kekenta kaɗai ya riƙe. Sirdin ya yi masa ƙasa, bai ɗaga ba.