Ranar da Na Ƙara Faifai na Huɗu

Tafsirin da mahaifina ya yi shekara da shekaru yana cikin wata babbar kwamfutar ajiya a ɗakina, a ƙauyenmu kusa da Makoda. Bayan rasuwarsa ɗalibansa suka yi ta kawo kaset-kaset ina juyewa, har faifai ukun da ke cikinta suka cika. Na sayo na huɗu a Kano na saka, kwamfutar ta fara rarraba karatun a kansu. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar wannan aiki, komai na iya lalacewa.

Da azahar hadari ya rufe rana, batirin sola ya fara sauka. Zama ya gagare ni. In leƙa kwamfuta, in fita tsakar gida in dubi sama, in dawo. Inna ta ce, "Kai, lafiya?"

Na ce, "Muryar Malam ce a ciki, Inna, ga wuta na ƙarewa."

Ta je ta kashe firjin da take sanyaya zoɓon sayarwa, ta raba wa maƙwabta zoɓon. Aikin ya kammala bayan la'asar, ana fara yayyafi.