Katin da Isuhu ya sa wa hannu

Shekara biyar ke nan da aka kai mijina Isuhu makwancinsa a nan Greensboro. Ban yi niyyar cewa uffan ba. Talabijin ce ta tashe ni: manyan masu kamfanonin mota sun hau jiragensu na kansu, sun tafi Washington roƙon gwamnati ta cece su. Sannan a wajen wani bikin suna na ji Alhaji Sani, baki cike da shinkafa, yana cewa ai ƙungiyoyin ƙwadago ne suka karya kamfanonin nan.

Alhaji Sanin da Isuhu ya ɗauko daga filin jirgi, ya kwantar a falonmu wata huɗu, ya kuma samo masa aiki a inda yake yi.

Isuhu ya yi shekara tara a wata masana'antar kujerun mota wajen McLeansville, yana fesa gam. In ya dawo, warin yana riga shi shigowa gida. Al'adarmu ce, duk baƙon da ya sauka daga Maraɗi ko Damagaram, sai ka kama hannunsa ka kai wa manaja, ka ce ɗan'uwana ne, na tsaya masa. Haka ya shigar da mutanenmu ɗaya bayan ɗaya, har aka ba su lungun yin salla.

Da tari ya fara kama masu fesa gam, Isuhu ya shiga neman a kafa sandika, kamar yadda muke kiran ƙungiyar ƙwadago a gida. Takunkumin fuska na kirki suke nema, da fankar da za ta ja warin waje. Sai mutanenmu suka taso masa. Wai manaja ya yi mana halacci, ya ɗauki 'yan'uwanmu, ya ba mu wurin salla, tayar masa da ƙungiya butulci ne. Sun ɗauki kamfani kamar wani maigida na kasuwar Maraɗi, wanda in ka kwanta ciwo zai aiko a duba ka. Ranar ƙuri'ar kafa ƙungiyar suka ce a'a. Ba a yi wata biyu ba aka sallami Isuhu, inshorar asibiti ta tafi tare da aikin. Tarin kuwa bai tafi ba.

Ba zan wanke kaina ba. Lokacin ko sunana ban iya rubutawa. Takardun da yake kawowa, da su nake tsane man ƙosai. Na ce masa, "Malam, mun zo neman abinci ne ko neman fitina?" Ya ce, "Rabi, ki shiga makaranta, ki daina jin labari a bakin mutane." Sai bayan ransa na shiga ajin manya, ina da jika. Abu na farko da na karanta da kaina shi ne katinsa na shiga ƙungiyar, wanda ya sa wa hannu. Layi uku ne kacal. Babu zagi, babu fitina.

Da yana nan me zai ce? Ina jin cewa zai yi a ba kamfanonin kuɗin, don ma'aikata kada su rasa abinci. Shi haka yake. Ni ba haka nake ba. Ina tambaya ne: in manya suka haɗu suka je nema da murya ɗaya, sunansa ceton tattalin arziki. Me ya sa da masu fesa gam suka so haɗuwa aka kira shi butulci?

Makon jiya aka rufe sashen su Alhaji Sani a masana'antar. Manajan nan mai halacci ko fitowa bai yi ba, takarda aka manna a ƙofa. Shekaranjiya sai ga Alhaji Sani a bakin ƙofata, hula a hannu, yana tari irin wanda na sani.

"Hajiya, ko lambar wayar jami'in ƙungiyar ƙwadagon nan tana cikin kayan marigayi?"

Tana nan, a bayan katin. Isuhu bai bar mana gida ba, bai bar mana mota ba, wannan ya bari. Na ɗauko, amma ban miƙa ba.

"Alhaji, zauna. Sai na karanta maka shi tukuna."