Tsohuwar da Ta Tare Ruwa da Bayanta

Kafin kowa ya iso cibiyar binciken ƙasa, Inna Ba-Ruwa ta riga ta sa safar hannu, ta rufe baki da hanci, ta shiga ɗakin ajiya. Shara ce aikinta. Kowace mace ta san ana yayyafa ruwa kafin a sa tsintsiya, amma ita tun da ƙuruciyarta har furfura ba ta taɓa shigar da ko ɗigo ɗakin nan ba. Busasshen tsumma, a durƙushe, lungu-lungu. In an tsokane ta da sunan sai ta ce, "Ba ruwa, kuma ba ruwanku."

Abin da take tsaro ƙasa ce, daga wata hamada da ake shekaru ba a ga ruwan sama ba. Dakta, shugabar masu binciken, ta yi mata bayani tun farko. A cikin ƙasar akwai ɓurɓushin maiƙon ƙananan halittu da suka mutu tun zamanin da lissafin kakanni ba ya kaiwa. Bushewa ce kaɗai ta hana shi ruɓewa, don ƙwayoyin da ke cin mataccen abu ba sa aiki sai da laima. Ruwa ya taɓa ƙasar, su farfaɗo su cinye shaidar.

"Wato busasshen kifi," in ji Inna. "Ya jiƙa, sai tsutsa."

"Haka ne, Inna. Sai dai wannan babu shi a kasuwa."

Ana dab da ritayarta aka ce manyan baƙi za su zo, sai ofis ya ɗauko 'yan kwangilar wanke gini. Dakta tana wurin taro. Ƙasar da ta haƙo daga rami mafi zurfi, aikin rabin rayuwarta, tana shimfiɗe cikin faranti a kan kantar ajiya ta can ƙasa, tana jiran gwaji. Daɓen ɗakin kuwa ya fi na baranda gangara.

Inna ta dawo daga cin abincin rana, ta sha kwana, sai ta sandare. Ruwa ne da kumfa yake malalowa cikin baranda, ya nufi ƙofarta. Ta ɗaga murya, ƙarar injin wankin ta haɗiye ta. Inna da ke hawa matakala tana hutawa, ranar an ga gudunta. Ta fizge mayafi ta cusa a ƙarƙashin ƙofa. Ya jiƙe nan take. Ta duba hagu, ta duba dama, babu buhu, babu katako. Sai kawai ta kwanta, ta miƙe a bakin ƙofar, ta ba ruwan baya.

Shugaban masu wankin ya jefar da tiyo, ya rugo. Ya ɗauka gawa ce.

"Mama, faɗuwa kika yi?"

"Kashe famfo."

"Bari mu ɗaga ki tukuna."

"Wanda ya ɗaga ni ya aure ni. Kashe famfo, ɗana."

Ya kashe, ya dawo yana sosa ƙeya. "An ce mu wanke har ciki. Na leƙa ta taga, datti ne fal a faranti."

"Dattin nan ya girmi kakan kakanka. Gaishe shi daga nesa."

Haka Dakta ta same su. Waɗanda suka gani sun ce jakarta ta suɓuce daga hannunta. Inna ba ta da halin tashi sai an tsane ruwan da ya taru a bayanta. Dakta ta durƙusa da kayan taronta tana matse tawul, masu bincike da masu wanki suka rufa mata baya, tsohuwa kuwa haƙoranta na kaɗawa tana ba da umarni: "Can kusurwa, 'yata, kin bar wani."

Da aka ɗaga ta, ƙugunta ya riƙe. Aka ce a kai ta asibiti, ta ƙi. Shiga ɗakin ma ta ƙi, don jikinta a jiƙe yake. Ta jingina da bango har Dakta ta sauya kaya, ta shiga, ta daɗe, ta fito.

"A bushe, Inna. Ruwan ko bakin kantar bai kai ba."

Sai a lokacin ta yarda aka ɗauke ta. Tana kwance a gadon asibiti aka gwada ƙasar, aka sami maiƙon nan lafiya lau.

Inna, ke ce madatsar da aka gina da ƙashi da tsoka. Sunanki ba zai hau kan rahoton binciken ba, ga shi kuma yau da sanda kike tafiya. Mun gode, uwar amana. Ku kuma da aka damƙa wa wata ƙofa, kowace iri ce, ku tambayi abin da ke bayanta tun kafin ruwa ya taso, don ranar ba za ku sami lokacin tambaya ba.